Hannun Hagu a Aljihu

Yayana Lindsay Treloar ya shafe rabin rayuwarsa yana yi wa masu jan tirelar kwana dariya. In muna kan hanyar Menindee muka riski wani janye da ita, sai ya ɗaga yatsa ɗaya daga kan sitiyari ya gaishe shi kamar yadda kowa ke yi, amma da mun wuce sai ka ji ya ce, "Dubi kunkuru. Ya fito shan iska, ya ɗauko gidansa a baya." A ganinsa, duk wanda ya isa mutum shimfiɗar tamfol ta ishe shi: ka warware ta a ƙasa, ka shige, gari ya waye ka naɗe ka jefa bayan a-kori-kura. Haka ya yi ta kwana tun yana saurayi a gonakin tumakin da ke kewaye da Broken Hill, yana kafa shinge yana gyaran famfon iska. Har gobe kuma ya yi imani babu abin da zai lalace a duniyar nan wanda wayar shinge da filaya ba za su gyara ba. Ƙofar mota ta ƙi rufuwa, waya. Tabarau ya karye, waya. Ya murɗa, ya ja da baya ya dube shi, ya ce, "Za ta yi." Maganarsa ke nan tun muna yara. Ranar da ya jefa ni dam ɗin tumaki don in koyi iyo, ina shan ruwa ina ihu, abin da ya ce wa mahaifiyarmu ke nan, kuma ban yafe masa ba har yau.

To, in ka ji ƙi gudu, sa gudu ne bai zo ba.

Kowace Ista danginmu kan tattara su sauka a wata kwanar kogin Darling, can gaba da Menindee, inda sai ka bar kwalta ka sha gargada har haƙoranka su yi tsami. Lindsay yana ganin shi ne shugaban tafiyar. Direba ne kawai. Mai zangon ita ce matarsa Glenys, 'yar guntuwar mace mai bakin da ya fi ta tsawo. Ita ke cewa a kafa nan, kada a kafa ƙarƙashin waccan bishiyar, reshenta zai faɗo. Ita ke binne burodi a toka. Ita ke riga kowa tashi, ta tsuguna gaban wuta ta dafa shayin safe, sannan ta ƙwala kira, "Shayi! Wanda ya makara ya sha ruwan kogi!" Ba wanda ya isa ya taɓa butar shayinta. Ni da nake ƙanwar miji na gwada sau ɗaya, na sha faɗan da ya sa na bar mata kayanta har abada.

Cikin sanyin watan Yuli ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kayar da ita a kicin ɗinta. Bakin ne ya fara dawowa, ba kuma wanda ya yi mamaki. Ƙafar ta biyo baya a hankali, da sanda, tana ɗan janta. Hannun hagu kuwa ya ƙi. Yana nan rataye a jikinta, in za ta zauna sai ta ɗauko shi da na dama ta ɗora a cinya.

Ranar Kirsimeti, ana zafin nan da ke narka man shanu kafin ya iso tebur, 'yarsu Kerrie ta tayar da zancen Ista.

Glenys ta ce, "Ku je abinku. Ku gaishe min da ƙudaje."

"Haba Mama, ai mu za mu yi komai. Ke dai ki zauna a inuwa ki huta."

"Abin da ba zan yi ba ke nan. A ajiye ni a kujera kamar buhun dankali, kowa ya gifta ya ce, Mama a kawo shayi? Wanda nake sha a gidan nan ma ya ishe ni. Ba na iya tsugunawa, ba na iya ɗaga buta daga wuta. Ranar da ba zan iya dafa shayi a bakin kogin nan ba, to ni da kogi mun yi sallama."

Kowa ya sani in Glenys ba ta je ba, ba mai zuwa. Ɗansu da ke Perth ba zai kwaso yara ya hau jirgi don ya kalli ubansa yana kamun kifi ba. Abin da aka yi shekara da shekaru ana yi zai mutu ke nan, ita kuma ta ƙarasa kwanakinta a bakin taga. Muka juya muna kallon Lindsay, muna jiran ya faɗi maganarsa. Bai faɗa ba. Ya sunkuyar da kai yana ta juya cokali a faranti. Tunda nake da shi ban taɓa ganin abu ya lalace ya yi shiru ba, kuma shirun nan ya ba ni tsoro fiye da ranar asibiti.

Ƙarshen Janairu ya kira ni a waya.

"Rhonda, me kike yi ran Asabar?"

"Wa ya mutu?"

"Ba wanda ya mutu. Za a baje kolin tireloli a Mildura."

Na yi dariya har na zauna. Na ce, "Kunkuru zai sayi gida?"

"Za ki zo ko ba za ki zo ba? Kuma kada ki gaya wa Glenys. Na ce mata kayan famfo za ni nema."

Muka isa rana ta take, fili cike da tireloli kowace an buɗe ta an baje tantinta, ga masu sayarwa cikin riguna masu tambari suna washe baki. Muna shiga ƙofa Lindsay ya zura hannun hagu a aljihun wando. Ban kula ba da farko.

Wani saurayi mai suna Jarrod ya tare mu, ya ja mu wurin wata baƙar tirela mai tayoyi kamar na tarakta. Yaron ya iya talla. Ya ce, "Mutumina, wannan ko duniyar wata ka nufa za ta bi ka. Dubi sifirin ɗinta. Dubi mahaɗin, kowane ɓangare yana juyawa, ko motarka ta karkata ita tana tsaye. Ƙura kuwa ko ƙwaya ba ta shiga. Leƙa ƙarƙashinta ka gani."

Na tabbata Lindsay zai kwanta ya shige ƙarƙashi, don mutum ne da ko motar ɗaukar gawa ya gani sai ya leƙa gindinta. Sai na ji ya ce, "Ina kicin?"

Jarrod ya nuna masa wata doguwar durowa a gefen tirelar, mai sakata biyu, ɗaya a kowane ƙarshe. Lindsay ya ɗaga ta dama, ya miƙa hannu zai ɗaga ta hagu, ta daman ta koma ta kulle. Ya sake. Ya sa gwiwa. Ya sa ƙugu. Gumi na ɗiga daga hancinsa, hannun nan na aljihu ko motsi.

Jarrod ya ce, "Da hannu biyu ake yi, mutumina. Ka ga, ƙaras, ta fito."

"Na gani, samari. Na gode." Ya yi gaba.

Haka muka yi ta yi. Wata famfonta na bugawa ne, sai ya buga ruwa ya zuba a ƙasa, ya tsaya yana kallon butar da ba mai riƙe ta. Wata murhun gas ɗinta sai ka danne maɓalli da hannu ɗaya ka ƙyasta ashana da ɗayan. Wata ya ja zif ɗin ƙofar tantin, tamfol ɗin gaba ɗaya ya biyo shi sama. Wata kuma gadonta sai an hau tsani, ya hau mataki biyu ya zame ya faɗo zaune a gaban jama'a. Ni ce ɗauke da jaka da gorar ruwa da tulin takardun talla, shi yana tafe hannu a aljihu kamar mai gonar da ya zo duba leburori. Raina ya ɓaci.

Na ce, "Kai Lindsay, kunama ce ta harbe ka, ko tsoron 'yan sane kake? Fito da hannun nan, kana ba mu kunya."

"Ke dai riƙe ruwa."

"Wallahi in ka sake faɗuwa a nan zan bar ka, in ce ban san ka ba."

Ya nufi wata tirelar, ya zo tsallake ƙarfen da ake haɗa ta da mota, sai na ga ya tsaya, ya dafa da hannun dama, ya ɗaga ƙafar dama ya tsallaka, sannan ya jawo ta hagu a hankali, yatsun takalmin na shara ƙasa. Tafiyar Glenys ce sak. A nan ne kan mage ya waye. Na ajiye kayan hannuna na zagaya bayan wani tanti na yi kukana mai isata. Ina son yayana tun ina yarinya duk da halinsa, amma ban taɓa son sa kamar ranar ba.

Da na dawo ya dubi idona ya ce, "Ƙura ce?"

"Ƙura ce."

"To zo ki tsaya nan. Ɗaga hannunki ki taɓa wancan kabad ɗin. Shi ya sa na kawo ki, tsayinku ɗaya da ita."

"Au, ba don shawarata ba?"

"Wace shawara gare ki?"

Rigata ba ta da aljihu, sai na cusa hannun hagu a ɗamarar siket. Muka ci gaba, tsofaffi biyu kowa da hannu ɗaya, muna buɗe durowoyi muna rufewa, masu sayarwa na zungurin juna in sun hango mu. Muka sami wata da kicin ɗinta ya yi daidai, komai da yatsa ɗaya, har na fara murna. Sai a nan Lindsay ya kwanta ya leƙa ƙarƙashi, ya fito yana girgiza kai. Ya ce cikinta a ƙasa yake, 'yar kwalta ce, rafin farko da muka tsallaka za mu tsinci kicin ɗin a cikin yashi. Masu ƙarfi ba sa buɗuwa da hannu ɗaya, masu buɗuwa ba za su kai kogi ba. Tsugune ba ta ƙare ba.

Can ƙarshen fili, kusa da mai sayar da soyayyen dankali, muka iske wata mai launin ruwan kunu, ba ado ba ƙyalli, wani tsohon maƙeri ne ke haɗa su a garejinsa, yana zaune yana gyangyaɗi. Ƙarƙashinta ya gamsar da Lindsay. In aka buɗe ta murfin ne ke saukowa ya zama daɓen katako dab da ƙasa, daga nan taki ɗaya sai gado. Kicin ɗin ya tsaya min a ƙugu, famfon na lantarki, murhun da ka murɗa ya kama da kansa. Aibinta ɗaya, sakata biyu ne ita ma.

Na ce, "Shi ke nan, mun yi asarar mai. Dama an ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka."

Ya tsuguna gaban sakatun nan ya daɗe. Ya auna tsakaninsu da tafin hannu. Sai na ga gefen bakinsa ya motsa, murmushin da rabona da shi tun Yuli. Ya ce, "Za ta yi."

Ya saye ta, a bayan gidana muka ɓoye ta. Kullum da safe sai ya ce wa Glenys zai zaga da kare, karen ya zo ya kwanta a inuwata, shi kuma ya fito da waya da filaya. Ya haɗe sakatun biyu da waya, ya sa mata marikin katako a tsakiya, in ka ja sau ɗaya duka su buɗe. Ya yi wa buta zobe a ƙarƙashin famfo don ta zauna da kanta. Ya sa wa kowane zif ƙawanya, ya kafe gindin tamfol ɗin da ƙugiya. Ya yi wa sanda maratayi. Gwangwanin sukari ma sai da ya canza masa murfi. Da hannu biyu yake ƙerawa, amma da ya zo gwaji sai na hagu ya koma aljihu, har abin ya zame masa jiki. A kanti hannu a aljihu, a coci hannu a aljihu. Abokansa na mashaya da suka ji labarin tirelar suka sa masa suna Kunkuru, in ya shigo su dinga jan wuya suna shigar da kai cikin kwala. Mutumin da ba a taɓa kayar da shi a baƙar magana ba, ya zauna ya shanye, bai gaya wa ko ɗaya dalili ba.

Ana saura kwanaki Ista ya jawo ta ya ajiye daidai tagar da Glenys ke zama. Ina nan ranar.

Ta ce, "Treloar!" In ta kira shi da sunan gidansu, to a shirya. "Wane ne ya ajiye min kejin kaji a ƙofar gida?"

"Na Rhonda ne. Wurinta ba fili."

Ta dube ni, na dubi silin. Shi kuma bai roƙe ta ta bi mu ba. Ya ci gaba da loda kaya kamar kowace shekara, ni kuwa ina ta fargaba, don na san halin matar nan, in ta ce a'a ko limamin coci bai isa ba. Ranar tafiya da ya fito zai tayar da mota, sai ya same ta zaune a gaba da hularta ta rana, sanda tsakanin gwiwoyi.

Ta ce, "Zuwa zan yi in ga inda abin nan zai wargaje, in yi dariya. Ban ce zan sauka daga mota ba."

Bai wargaje ba. Muka isa da yamma, ta sauka daga motar don ta gaya mana mun kafa a inda bai dace ba, aka matsa. Kafin a ci abinci Lindsay ya bi kowa ɗaya bayan ɗaya, 'ya'ya da surukai da jikoki, ya ce gobe da safe duk wanda ya taɓa buta zai koma gida a ƙasa.

Gari ya waye, fararen akun da ke bakin kogin suka cika bishiyoyi da ihu. Ba wanda ke barci, kuma ba wanda ya tashi. Kowa na cikin shimfiɗarsa ya bar ido ɗaya a waje. Lindsay na zaune kan wani kututture a bakin ruwa, ya ba zangon baya, wai yana duba ƙugiyar kifi. Muka ji zif ya zuge. Glenys ta fito, ta taka daɓen, ta sauko ƙasa. Ta dubi wurin wuta, toka ce kawai. Ta dubi kujerar da aka ajiye mata a inuwa. Sannan ta juya ta tsaya gaban durowar nan, tana kallon marikin katakon da wayar da aka murɗa masa. Ta daɗe a tsaye, har Kerrie ta yunƙura za ta tashi, na damƙe ƙafarta.

Glenys ta rataye sandarta a maratayin, kamar dama ta san yana nan. Ta ja marikin. Kicin ya zamo ya tsaya mata a ƙugu. Ta ajiye buta a zobe, ta buɗe famfo, ta ɗora a murhu, ta murɗa, wuta ta kama. Ba a yi abin cikin sauƙi ba. Ta zubar da sukari, ta yi wata ashar da ta sa jikoki cusa kai cikin bargo suna ƙyalƙyatawa. Kofi ɗaya ya faɗi ya gangara, ta bi shi da harara ta ɗauki wani. Amma buta ta tafasa, ƙanshin ganyen shayi ya bi zangon.

"Shayi! Wanda ya makara ya sha ruwan kogi!"

Muryar ta ɗan karkace, amma ita ce. Muka fito muna miƙar ƙarya muna hamma. Lindsay bai juyo ba.

"Treloar! Zo ka karɓa, ni ba baiwarka ba ce."

Ya taso ya zo, hannun hagu a aljihu, ya karɓi kofin da hannun dama. Ta dube shi daga sama har ƙasa, idonta ya tsaya kan aljihun.

"Tun Janairu nake kallonka. Kana shafa wa burodi man shanu yana gudu a faranti. Kana ɗaure igiyar takalmi da haƙori. Ka zaci idon ma ya shanye ne?"

Ya ce, "Sanyi nake ji a hannun."

"Sanyi a Janairu, ana tsakiyar zafi? Kare ma da kake cewa kana zagawa da shi ƙiba ya yi." Ta matso kusa da shi. "Mataccen hannu ɗaya ya ishe mu a gidan nan. Fito da shi."

Ya zaro shi a hankali, kamar yaron da aka kama da alewa. Ta sa hannun dama ta ɗauko nata na hagu, ta ɗora a tafinsa, ta naɗe masa yatsu a kai.

Ta ce, "Riƙe min wannan, ina da aiki. Ga mutane nan tsaye kamar marayu suna jiran shayi."

Ta juya ta ci gaba da zubawa, tana miƙa wa kowa nasa tana faɗa, wannan ya cika shan sukari, wancan bai wanke fuska ba. Duk inda ta matsa Lindsay na biye da ita, shayi a dama, hannunta a hagu. Hawaye na bin gemunsa, ba shi da hannun da zai share, haka ya bar su.